Daga Akwatin Wasiƙunku: Me Ya Kai Yaronmu Ga Koyon Helenanci, Alhali Ga Littafi Da Hausa?

Kamar yadda muka saba, abin da kuka ji a rediyo shi muke bugawa a nan, domin wanda aikin gona ko cin kasuwa ya hana shi saurare ya samu ya karanta, ko ya ba yaro ya karanta masa. Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani dattijon majami'a, manomin citta a karkarar Kachia cikin Jihar Kaduna. Ga abin da ya rubuto mana:

TAMBAYA: "Bayan gaisuwa mai yawa ga dukan ma'aikatanku. Shekara biyu ke nan muna haɗa baiko, wani tiyar masara, wani buhun citta, mata kuma kuɗin daddawa, muna biya wa wani yaronmu makarantar koyon aikin fasto. Da ya zo hutu sai muka gan shi da wani littafi mai rubutu kamar sawun kaji, yana kwana a kansa. Ya ce Bisharar Yohanna ce da Helenanci. Tsofaffinmu suka ce, to namu na Hausa bai cika ba ke nan? Wasu kuma sun ce ɓarnar kuɗi ce, a daina biya ya dawo ya kama wa'azi. Ni ne mai riƙe da asusun. Don Allah ku ba mu haske kafin kaka ta yi."

AMSA: To madalla, Dattijo, mun gode da wannan tambaya, kuma matambayi ba ya ɓata. A taƙaice dai, littafinku na Hausa bai gaza ba, kuɗinku kuma ba su tafi a banza ba, muddin yaron ya riƙe karatun ta hanyar da ta dace. Amma tun da guminku ne, bari mu warware maka zancen daki-daki, yadda kai ma za ka iya tsayawa gaban tsofaffi ka yi musu bayani.

WANE HARSHE NE WANNAN?

Helenanci, wanda 'yan jarida suka fi kira Girkanci, harshen mutanen ƙasar Girka ne. Littattafai 27 na Sabon Alkawari, har da Bishara huɗu ta Matiyu da Markus da Luka da Yohanna, duk da wannan harshe aka rubuta su, a cikin ƙarni na farko bayan haihuwar Yesu Almasihu. Shi Yohannan nan kuwa shi ne wanda wasu fassarorin Hausa ke kira Yahaya, kada sunan ya rikitar da kai.

Za ka ce, ai Yesu ba mutumin Girka ba ne. Haka ne. Harshen gida a ƙasarsa Aramiyanci ne, ɗan'uwan Ibrananci da Larabci. Abin da ya faru shi ne, fiye da shekara 300 kafin haihuwarsa an yi wani sarkin yaƙi, Iskandar na Makidoniya, wanda ya ci ƙasashe tun daga Girka da Masar har zuwa bakin Indiya, ya rasu a Babila a shekara ta 323 kafin haihuwar Almasihu. Duk inda sojojinsa da fatakensu suka zauna sai harshensu ya kafu. Da tafiya ta yi tafiya sai harshen ya sauƙaƙa, ya zama na kowa da kowa. Sunansa ma "Koine", wato na gama-gari. Ko da Romawa suka karɓi mulki, a gabashin daularsu da wannan harshe ake ciniki, da shi ake rubuta wasiƙa.

Kai da kake Kachia ba ka bukatar dogon misali. Ranar kasuwa Adara da Bajju da Ham da Fulani kowa da harshensa na gida, amma da an zo awon citta sai a koma Hausa. To matsayin da Hausa ke da shi a kasuwarku, shi Helenanci yake da shi a wancan zamani. Mai son saƙonsa ya tsallake ƙauyensu, da shi zai rubuta.

HARSHEN RASIT DA WASIƘA

Da can masana a Turai sun ga Helenancin Sabon Alkawari ya sha bamban da na manyan marubutan Girka, har wasu suka zaci wani harshe ne na musamman da aka keɓe wa addini. Sai a ƙarshen shekarar 1896 wasu Turawan Ingila biyu, Grenfell da Hunt, suka fara haƙa a jujin wani tsohon gari a Masar mai suna Oksirinkus, kudu da Alƙahira. Saboda bushewar ƙasar, sai suka tarar da dubban takardu ba su ruɓe ba, irin waɗanda ake yi da wata ciyawar bakin Kogin Nilu. A ciki akwai rasit na haraji, da takardun bashi, da yarjejeniyar hayar gona, da wasiƙun 'ya'ya zuwa ga iyayensu. Wani masani Bajamushe, Adolf Deissmann, ya gwada irin waɗannan takardu da Sabon Alkawari, ya nuna cewa yawancin kalmomin duk na mutanen gari ne.

Ga misali ɗaya da zai yi wa 'yan kasuwa daɗi. A Matiyu sura 6, inda ake zancen masu ba da sadaka da yin addu'a don mutane su gani, an yi amfani da kalmar "apeko" a kan ladansu. Wannan kalma ita ce ake rubutawa a kan rasit idan an biya mutum kuɗinsa cif, ba ya bin ko anini. Ka ga ke nan, ɗan kasuwan wancan zamani da ya ji an karanta wurin nan take zai gane: mai riya ya riga ya karɓi kuɗinsa a hannun mutane, an yanka masa rasit, babu sauran abin da zai je nema wurin Allah. Fassara ta kawo ma'anar daidai, amma ƙamshin kasuwar nan sai wanda ya leƙa asalin yake jinsa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

DAGA INA LITTAFIN HANNUN YARON YA FITO?

Takardar da marubucin ya rubuta da hannunsa ba ta wanzu ba. Abin da ake da shi kwafe-kwafe ne da aka yi ta yi da hannu, kuma na Helenanci kaɗai sun haura 5,000, wasu cikakku, wasu 'yan gutsattsari. Cikin mafi tsufa akwai wani ɗan guntu daga Yohanna sura 18, wurin da Yesu ke gaban Bilatus, wanda bai kai tafin hannu ba. Daga Masar aka samo shi, aka bayyana shi ga duniya a 1935, yana ajiye a wani ɗakin karatu a birnin Manchesta na Ingila, kuma yawancin masana suna sa shi a ƙarni na 2. Akwai wani kuma da ke ɗauke da kusan dukan Bisharar Yohanna, na wajen shekara ta 200, yana kusa da Janiba a ƙasar Suwizalan. Sai manyan littattafai biyu na fata daga ƙarni na 4, ɗaya yana Fadar Paparoma, ɗayan kuma an samo shi a gidan sufaye na Dutsen Sina'i. Wannan na biyun, Ingila ta saye shi daga gwamnatin Sobiyet a 1933 kan fam 100,000.

Tsofaffin kwafen nan da manyan baƙaƙe aka rubuta su, kalmomi a manne da juna, ba tazara, alamun tsayawa kuma kaɗan ne ƙwarai. Surori da ayoyin da kuka saba da su daga baya aka sa: surori a ƙarni na 13, lambobin ayoyi kuwa wani mai ɗab'i Bafaranshe ne ya sa su a 1551. Wani malami mai suna Erasmus shi ya fara fitar da Sabon Alkawari na Helenanci a buge a 1516, daga kwafe-kwafen da ba su kai goma ba. Irin wanda ɗalibai ke riƙewa yanzu kuwa, an tace shi ne daga ɗimbin kwafe, kuma a ƙasan kowane shafi akwai ƙananan rubutu da ke nuna inda wannan kwafi ya saɓa da wancan.

Kada wannan ya tayar maka da hankali, Dattijo, amma ya kamata ka sani. Duk abin da hannu ya kwafa sai an sami tuntuɓen alƙalami. Mafi yawan bambancin na rubutun kalma ne ko jerin kalmomi, ba ya taɓa ma'ana. Amma akwai 'yan wurare masu girma. Labarin matar da aka kama da zina, daga Yohanna 7:53 zuwa 8:11, babu shi a cikin kwafe mafi tsufa. Haka ma aya ta 4 a sura 5, mai zancen mala'ikan da ke motsa ruwa. Shi ya sa za ka ga Littattafai da yawa sun yi wa wuraren nan alama, ko sun sa bayani a ƙasan shafi. Ranar da wani ɗan makaranta ko wani mai gardama ya tare faston ku da wannan a bakin kasuwa, gara a ce ya riga ya san zancen tun daga tushe, da ya tsaya yana zare ido.

ME YAKE GANI WANDA MU BA MU GANI?

Bari mu ɗauki Yohanna sura 3, hirar Yesu da Nikodimu, wani babban malamin Yahudawa da ya zo masa da dare. Yesu ya yi masa zancen haihuwa, ya haɗa da kalmar "anoten". Wannan kalma baki biyu gare ta: tana nufin "daga sama", tana kuma nufin "a sake". Nikodimu ya kama ta biyun, ya shiga mamakin yadda tsoho zai koma cikin uwarsa. Amma a aya ta 31 ta wannan sura, da kuma sura 19 aya ta 11, marubucin ya yi amfani da ita da ma'anar daga sama. Har rigar Yesu da aka saƙa tun daga wuya zuwa ƙasa, da wannan kalma aka kwatanta ta. Mai fassara zuwa Hausa ba shi da kalma ɗaya mai ɗaukar duka biyun, dole ya zaɓi ɗaya ya sa a layi. Faston da ya san haka zai iya nuna wa jama'a inda Nikodimu ya yi ɓatan kai, da abin da ake so ya gane.

A cikin hirar dai akwai kalmar "pneuma", wadda ke nufin iska mai kaɗawa, tana kuma nufin ruhu. A aya ta 8 an yi wasa da ma'anonin biyu a numfashi ɗaya. Abin sha'awa, Hausa ma tana da irin wannan, domin muna cewa iska ta taso, muna kuma cewa iskoki. Sai dai fa iskoki a kunnen Bahaushe na bori ne, don haka mai fassara ba zai kusanci wannan kalma ba idan ana zancen Ruhun Allah. Ka ga a nan sanin Helenanci kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da sanin kunnen mutanen da za a yi wa wa'azi.

Akwai ma inda Hausa ta fi Turanci kusa da asalin. Helenanci yana bambanta "kai" da "ku", kamar yadda muke yi. Turancin yau kuwa kalma ɗaya yake da ita ga duka biyun. A aya ta 7, Yesu ya fara da Nikodimu shi kaɗai, sai ya juya zancen haihuwar ya zama na "ku", wato har da sauran jama'a. Mai karatu da Turanci ba zai ga wannan juyi ba. Saboda haka duk wanda ya ce muku littafin Turanci ya fi na Hausa tsarki ko inganci, ku ce masa shi ma fassara ce.

Ga wani na makiyaya. A sura 10 akwai kalmomi biyu: "aule", wato shingen da ake tara tumaki da dare, da "poimne", wato garken kansa. A aya ta 16 Yesu ya yi zancen wasu tumakinsa da ba na wannan shinge ba, ya ce za a haɗa su. Abin da Helenancin ya ce zai zama ɗaya shi ne garken, a ƙarƙashin makiyayi guda. Amma fassarar Latinanci ta Jerom, ta ƙarshen ƙarni na 4, ta sa shinge a wurin garke, tsohuwar fassarar Turanci ta 1611 kuma ta bi sawunta. Kowane Bafulatani ya san garke ɗaya na iya kwana a shinge daban-daban. A gari mai majami'u uku ko huɗu, kowace tana ganin ita ce daidai, ka ga wannan 'yar kalma ba ƙaramin nauyi gare ta ba.

Sai batun mudu da kuɗi. A bikin Kana, sura 2, an ambaci randunan dutse shida, kowace tana cin awo biyu ko uku. Awon da ake nufi ya kai kimanin lita 39, wato kowace randa lita 80 zuwa 120. In ka lissafa da jarka mai lita 25, duka shidan sun kama kimanin jarka 19 zuwa 29. A sura 12 kuma an yi wa turaren da Maryamu ta zuba kuɗi dinari 300. Bahaushe na jin dinari sai zinariya ta faɗo masa, alhali na Romawa tsabar azurfa ce, kuma bisa ga Matiyu sura 20 ita ce ladan ɗan ƙodago na yini guda a gona. Dinari 300 ke nan kusan ƙodagon shekara cur. Gurasar da aka ciyar da mutum 5,000 da ita a sura 6 kuwa ta sha'ir ce, abincin talaka. Faston da ya bi diddigin waɗannan zai iya mayar da labarin cikin tiya da jarka da kuɗin ƙodago, har tsohuwar da ke zaune a benci na baya ta gane.

INDA AKE ZAMEWA

To amma fa, Dattijo, masu iya magana sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Akwai masu haddace kalmomin Helenanci biyar su hau bagadi suna ta jefa su don a ce sun yi karatu. Wannan shi ne abin da ya kamata ku sa wa ido.

Misali, za ka ji mai wa'azi ya ce kalmar "dunamis", wato iko, daga gare ta aka samo sunan nakiyar fasa dutse da Turanci, saboda haka ikon Allah nakiya ne. Gaskiya ne sunan daga can ya fito, amma nakiyar nan Alfred Nobel ne ya yi mata rajista a 1867, shekara wajen 1,800 bayan an rubuta Sabon Alkawari. Babu marubucin da ya yi tunaninta. Ba a ɗauko ma'anar jika a ɗora wa kaka.

Wani sanannen wuri shi ne Yohanna sura 21, inda Yesu ya tambayi Bitrus sau uku game da ƙaunarsa. An yi amfani da kalmomi biyu, "agapao" da "fileo". An sha yin wa'azi cewa ta farkon ƙaunar Allah ce tsantsa, ta biyun kuwa son abota ne kawai. Zancen da daɗin ji, amma in ka bi littafin gaba ɗaya sai ka ga bai tsaya da ƙafafunsa sosai ba. A 3:35 da 5:20 an faɗi ƙaunar Uba ga Ɗa, sau ɗaya da wannan kalma, sau ɗaya da waccan. A 3:19 kuma "agapao" ɗin nan ce aka yi amfani da ita ga masu son duhu. Cikin ita hirar da Bitrus ma an sassauya kalmar tumaki da ta kiwo. Shi ya sa masana da yawa ke ganin salon marubucin ne, kamar yadda za ka ce "so" yanzu, an jima ka ce "ƙauna". Akwai waɗanda har yanzu ke ganin bambanci a wurin, amma mai gaskiya zai gaya wa jama'a cewa akwai saɓani, ba zai gina rumbu a kan wannan ba.

Dokar ita ce, kalma ba ta ɗaukar dukan ma'anoninta ta shiga jimla ɗaya da su. Dubi kalmarmu "ci": an ci tuwo, an ci kasuwa, an ci amana, an ci jarrabawa. Baƙon da ya buɗe ƙamus ya ce wanda ya ci amana ya tauna ta ne, ai dariya za ku yi masa. Haka "logos" da aka buɗe Bisharar Yohanna da ita, wadda ake fassarawa Kalma: a wasu wurare tana nufin magana, a wasu kuma lissafin da wakili ke ba maigidansa. Jimlar da ke kewaye da ita ce ke nuna wadda ake nufi.

YAYA KARATUN YAKE?

Baƙaƙen Helenanci 24 ne, daga alfa zuwa omega, kuma cikin mako guda ko biyu mai himma zai iya sanin su. Wahalar tana cikin nahawu, domin ƙarshen suna yana sauyawa gwargwadon aikinsa a jimla, aikatau kuma siffofinsa ba su da iyaka a idon sabon shiga. Kalmomin Sabon Alkawari daban-daban sun kai kimanin 5,400, amma 300 da 'yan kai daga ciki su ne ke ta maimaituwa, har sun cinye kusan kashi 80 cikin 100 na rubutun. Bisharar Yohanna, mai surori 21, da kalmomi kimanin 1,000 kacal aka rubuta ta, jimlolinta kuma gajeru ne. Wannan ne dalilin da malamai da yawa ke fara ɗalibai da ita. Saboda haka littafin da kuka gani a hannun yaronku alama ce yana kan turba.

Idan zai shirya wa'azi, ga yadda ake koya musu. Ya karanta wurin da Helenanci a hankali, ya fassara da kansa. Ya duba ƙasan shafi ko akwai saɓanin kwafe. Ya ɗauki manyan kalmomin ya bi su cikin littafin, ya ga yadda marubucin da kansa ke amfani da su. Ya karanta abin da ke gaba da abin da ke baya, kada ya fizgo aya ita kaɗai. Ya tambayi kansa me mutanen farko suka fahimta. Sa'an nan ya buɗe na Hausa da sharhin malamai ya gwada. A ƙarshe ya tambaya, me wannan ke ce wa manomin da ƙwari suka cinye masa gona, ko matar da ta binne ɗa? Makarantun tauhidi irin na Bukuru da Jos da Kagoro an kafa su ne domin irin wannan horo.

Maƙwabtanku Musulmi ba za su yi mamakin wannan ba, domin sun san ba a sakar wa mutum tafsiri sai ya sha nahawu da lugga na Larabci. Bambancin shi ne, a wurin Kirista ba a ɗora wa kowa yin addu'a ko sujada da Helenanci ba. Kayan aikin mai koyarwa ne, kamar sikelin dillali.

TO NA HAUSA FA?

Ka gaya wa tsofaffi su kwantar da hankalinsu. Aikin fassara zuwa Hausa ya daɗe. Wani Bajamushe mai suna Schön ya fitar da Bisharar Matiyu tun 1857. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932, bayan aikin shekaru da Likita Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka yi, aka kuma fitar da sabuwar fassara a 1979, wasu suka biyo baya. Sake fassara ba ya nufin ta da ƙarya ce. Harshe ne ke tafiya, sanin tsofaffin kwafe kuma yana ƙaruwa.

Bugu da ƙari, shi kansa Yohanna tafinta ne. A sura ta 1 ya kawo kalmar Rabbi ya ce ma'anarta Malam, ya kawo Kefas ya ce shi ne Bitrus, ya fassara Almasihu. A sura 9 ya fassara sunan tafkin Siluwam. A sura 19 ya ba da labarin cewa sanarwar da aka kafa a kan gicciye da harsuna uku aka rubuta ta. Tun kafin nan ma, Yahudawan Iskandariyya ta Masar sun fara juya littattafansu daga Ibrananci zuwa Helenanci tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, kuma marubutan Sabon Alkawari sun yi ta ɗauko ayoyi daga wannan fassara. Ashe fassara ba baƙuwa ba ce a gidan. Masu bishara da yawa sun yi aiki har tsufa da na Hausa kaɗai, Allah kuma ya yi amfani da su.

SHAWARARMU

Hukunci naku ne, tun da ku kuka san nauyin aljihunku. Amma in ta mu ce, kada ku yanke masa a tsakiyar kogi. Wanda ya saya wa gari sikeli bai ƙara wa buhu nauyi ba, sai dai daga ranar ba mai cutarsu a wurin awo. A wannan zamani da masu wa'azi suka yi yawa a rediyo da wayar hannu, kowa yana cewa asalin kalmar kaza ce, majami'ar ƙauye tana bukatar mutum ɗaya nata wanda zai iya buɗe littafin ya duba.

Sai dai ku gwada shi. Idan ya sake zuwa hutu, ku ba shi Yohanna sura 3 ko sura 10, ku ce ya yi muku bayani da Hausa ko da harshenku na gida. Ku lura da abu uku. Na ɗaya, shin tsofaffi da yara sun fi ganewa, ko sun ƙara rikicewa? Na biyu, yana iya cewa "a nan malamai sun saɓa", ko kuwa komai shi ya sani? Na uku, bayan ya gama, kun ji kun ƙara amincewa da littafin da ke hannunku, ko ya sa kun ji sai ta bakinsa kaɗai za ku san gaskiya? In ya sa kuka raina naku, ku zaunar da shi ku yi masa faɗa irin na iyaye. In kuwa ya dawo da ku cikin littafinku ido a buɗe, to cittarku ta yi riba.

Abu na ƙarshe, harshe kamar fartanya yake, in an jingine shi sai tsatsa. Bayan ya gama makaranta ku taimaka masa da kuɗin ƙamus da littafin sharhi ko da guda ɗaya ne, ku kuma rage masa wasu hidimomi da safe, ya samu ya karanta ko aya biyar ce kullum.

To jama'a, a nan za mu dasa aya. Dattijo, muna fatan ka gamsu, a gai da mutanen Kachia, Allah ya ba da damina mai albarka da kasuwa mai kyau. Mai wata tambaya sai ya rubuto mana kamar kullum. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, ku huta lafiya.